Re: Labarin iyalin da suka yi ƙaura daga Italiya zuwa Amurka a 1907, ya zan yi ya zama kamar gaske?

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, na karanta babin da kika saka, wajen da ma'aikacin tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga Amurka a New York, ya canza wa uban suna. Gaskiya ki cire shi, ba a can ake rubuta suna ba, tun a tashar da suka hau jirgin ruwa aka rubuta, ma'aikatan dubawa kawai suke yi a takardar jirgi. In mutum ya canza suna, yawanci shi ya canza da kansa daga baya don ya samu aiki, kuma ni a ganina wannan ya fi ciwo, ka ajiye sunan ubanka da hannunka.

In rashi kike nema ga inda yake. Tsibirin ya yi aiki daga 1892 zuwa 1954, sama da mutum miliyan 12 sun bi ta nan, kuma talakawan ƙasan jirgi ake kaiwa, masu tikitin faskila a cikin jirgi ake duba su su wuce abinsu. Likita zai juye fatar idon yaro da ɗan ƙarfe yana neman amosanin ido, in ya ga alama sai ya zana wa rigarsa alli a ware shi gefe, to ki tsayar da uwar a layin nan tana goge allin da hannu tana waige-waige, domin in aka mayar da ƙaramin yaro dole babba ɗaya ya bi shi. Waye zai koma, ita ko mijin?

Soyayyar kam ki rage zance, masoyan sun cika surutu a babi na biyu.