Tambayoyinku Kan Fasaha: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Bi Folda Cikin Folda

Masu tambayoyin wannan makon sana'arsu ba ɗaya ba ce, amma damuwarsu ɗaya: fayiloli sun yi yawa, sun shige folda cikin folda, hannu ya gaji da buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na haɗa su wuri guda domin amsar wani tana yi wa wani amfani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗaukar hoto a Zoo Road. Faifan ajiyata cike yake da hotunan biki na shekaru, kowace shekara da foldarta, cikinta watanni, cikin watanni sunayen masu biki. Wasu kuma yaran shago sun zuba su inda suka ga dama. In kwastoma ya dawo neman tsohon hoto sai in wuni ina buɗe-buɗe. Akwai yadda kwamfuta za ta fito min da jerin komai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai, kuma ba sai ka sayi wata manhaja ba.

Ka fara fahimtar yadda aikin ke gudana. Ka ɗauka an aiki yaro rabon katin biki a cikin gari, wajen Yakasai ko Marmara, inda lungu ke haifar lungu. Ya shiga lungun farko yana miƙa wa kowane gida. In ya tarar da wani ƙaramin lungu a ciki sai ya kutsa, ya bi shi har inda ya toshe, sannan ya dawo daidai inda ya karkata ya ci gaba. Haka kwamfuta ke yi da foldojinka: ta karanta abin da ke cikin babbar folda, ta ware fayiloli gefe, kowace ƙaramar folda kuma ta shige ta ta maimaita aikin, har ta zagaye duka. Wannan tsari na folda cikin folda ya girmi yawancinmu. An bayyana shi tun 1965 a aikin gina tsarin sarrafa kwamfuta na Multics a Amurka, Unix ya gaje shi bayan an fara gina shi a Bell Labs a 1969, MS-DOS kuwa bai samu ƙananan foldoji ba sai da siga ta 2.0 ta fito a 1983.

In Windows kake amfani da shi, buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

dir /s /b D:\Hotuna\*.jpg > C:\Users\Public\jeri.txt

Ka canza D:\Hotuna zuwa sunan faifanka da foldarka. Wannan /s shi ne ke cewa a shiga duk ƙananan foldoji, /b kuma ya sa a rubuto cikakkiyar hanyar kowane hoto ba tare da surutun kwanan wata da girma ba. Sakamakon zai zauna cikin jeri.txt. Buɗe shi da Notepad, danna Ctrl da F, rubuta sunan ango, za ka ga inda yaranka suka jefa hotunansa.

In kana son abin da ya fi wannan, kamar haɗa JPG da JPEG da fayilolin kyamara a zagaye ɗaya, to Python, wato yaren rubuta furogiram, ce ta fi. Kyauta ce, kuma tun siga ta 2.3 a 2003 take da os.walk, umarnin da ke zagaye foldoji:

import os
for wuri, foldoji, fayiloli in os.walk("D:/Hotuna"):
    for f in fayiloli:
        if f.lower().endswith((".jpg", ".jpeg", ".cr2", ".nef")):
            print(os.path.join(wuri, f))

Duk foldar da ta shiga, abu uku take ba ka: inda take tsaye, ƙananan foldojin da ke wurin, da fayilolin da ke wurin. Kada ka cire lower() ɗin nan, domin kyamarori da yawa da manyan baƙaƙe suke rubuta .JPG, kuma a wajen Python "jpg" da "JPG" ba abu ɗaya ba ne. Gargaɗi guda: in os.walk ta tarar da foldar da ba ta da izinin buɗewa, shiru take yi ta wuce, ba ta ce maka komai. Wanda bai san haka ba zai ɗauka jerinsa ya cika alhali an tsallake wani ɓangare. Ka rubuta os.walk("D:/Hotuna", onerror=print), duk inda aka hana ta shiga za ta sanar da kai.

TAMBAYA: Malam, ɗaliba ce ni a Jami'ar Bayero, ina karanta kimiyyar kwamfuta. An ba mu aikin rubuta furogiram da zai lissafa girman folda da duk abin da ke ƙarƙashinta, ba tare da os.walk ba. Na rubuta aikin da ke kiran kansa, ina gwadawa a Ubuntu. Fayiloli iri ɗaya suna ta maimaituwa, kuma jimillar da ya ba ni ta fi girman faifan gaba ɗaya. Ina kuskuren yake?

AMSA: 'Yar'uwa, mai yiwuwa lissafinki daidai ne, hanyar ce ta yaudare ki. Abu biyu nake zargi.

Na farko mahaɗa ce, wato irin fayil ɗin nan da ake yi da umarnin ln -s, wanda ba komai a cikinsa sai nuni zuwa wani wuri. Ina kyautata zaton kin yi amfani da os.path.isdir wajen gane folda. To shi isdir yana bin mahaɗa, in ta nuna folda sai ya ce miki folda ce. Idan mahaɗar ta nuna wata folda da ke sama da ita, furogiram ɗinki zai koma inda ya baro, ya sake saukowa, ya sake tarar da mahaɗar, ya sake komawa. A Linux abin ba ya tafiya har abada, domin tsarin yana ƙin warware hanyar da mahaɗanta suka wuce 40, amma kafin ya tsaya kin ƙirga fayil guda sau da yawa. Magani mafi sauƙi: ki duba os.path.islink tukuna, in mahaɗa ce ki tsallake. Dalilin da ya sa os.walk ba ta bin mahaɗa zuwa folda sai an ce mata followlinks=True ke nan. In kuwa malaminku ya ce lallai a bi mahaɗa, sai ki riƙa ajiye st_dev da st_ino na kowace folda da kika shiga cikin set. Waɗannan lambobi biyu su ne shaidar folda ta gaskiya a wajen tsarin, ko da an zo mata ta hanya goma. Kin ga wadda kika taɓa shiga, ki wuce.

Na biyu: in daga tushe kika fara, wato daga /, to kin shiga /proc. Abin da ke cikinta ba ya kan faifai, tsarin ne ke ƙirƙiro shi don nuna halin da yake ciki. Akwai /proc/kcore da kan nuna girman terabayit 128 a kwamfutoci da yawa. Shi kaɗai ya isa ya lalata miki jimilla. Ki bar /proc da /sys da /dev.

Tunda ɗaliba ce ke, bari in ƙara miki abin da zai yi miki rana a jarrabawa. Aikin da ke kiran kansa yana da iyaka, a Python zurfin 1000 ne in ba a canza ba. Foldoji na gaske da wuya su kai haka, saboda haka in kika ga RecursionError, ki fara duba ko kin manta haɗa sunan ƙaramar folda da hanyar uwarta, kina ta miƙa wa aikin folda ɗaya. Kuma ba dole ne aiki ya kira kansa ba. Ki ajiye jerin foldojin da ke jiran ziyara, ki ciro ɗaya, ki karanta ta, ki zuba ƙanananta cikin jerin, ki maimaita har jerin ya ƙare. In daga ƙarshen jerin kike cirowa, za ki nutsa har ƙasan reshe ɗaya kafin ki taɓa na kusa da shi. In daga farko kike cirowa da deque, za ki gama hawa na farko duka kafin ki sauka na biyu. Wajen lissafin girma duk ɗaya ne. Wajen neman fayil da kike zaton yana kusa da sama, na biyun ya fi saurin kai ki.

Sannan ki yi amfani da os.scandir maimakon os.listdir. Ta shigo a Python 3.5 a 2015, kuma tana kawo suna tare da bayanin ko folda ce ko fayil, don haka ba sai an sake tambayar faifai kan kowane suna ba. Ita kanta os.walk a kanta take gudana tun daga lokacin.

TAMBAYA: Ina aiki a shagon buga takardu a Sabon Gari. Kwastoma ya kawo filash, duk foldojinsa sun zama shotkot, amma filash ɗin na nuna a cike yake.

AMSA: Bairos ne ya ɓoye su, bai goge ba. Kada ka danna ko ɗaya daga cikin shotkot ɗin, ta nan yake kama kwamfuta. In filash ɗin E ne, rubuta wannan a Command Prompt:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Nan ma /s ne ke zagaye ƙananan foldoji, /d kuma ya sa a cire alamar ɓoyo daga foldojin kansu. Foldojin za su bayyana, amma bairos ɗin yana nan, umarnin bai taɓa shi ba. Ka wanke filash ɗin da kwamfutar shagon da maganin bairos, in ba haka ba kwastoma na gaba shi ma zai tafi da shi gida.

TAMBAYA: Wayata Android kullum cewa take ta cika. Wani yaro a Farm Centre ya sa min Termux ya ce zan iya gano manyan fayiloli da shi, amma in na rubuta find ba ya fito da komai, wani lokaci kuma ya ce Permission denied.

AMSA: Yaron bai yi ƙarya ba, bayanin ne bai ƙarasa ba. Termux manhaja ce ta rubuta wa waya umarni, find kuma umarnin neman fayiloli ne. Da farko rubuta termux-setup-storage ka amince da izinin da waya za ta nema. Sannan:

find ~/storage/shared/ -type f -size +100M

Ka lura da alamar / da ke bayan shared. Ita shared mahaɗa ce irin wadda na yi wa ɗalibar can bayani, kuma find ba ya bin mahaɗa haka kawai. In ka cire alamar, zai tsaya a bakin ƙofa ya dawo hannu rabbana. Da ita kuwa zai jero maka duk fayil da ya haura megabayit 100.

Maganar Permission denied kuma, tun daga Android 11 da ya fito a 2020, Google ta rufe foldar Android/data da Android/obb daga sauran manhajoji. Ba lalacewa ba ce, kuma ban ba ka shawarar a fasa maka tsaron waya don wannan ba, riba ba ta kai hasara ba. Abin da kake nema galibi ba a can yake ba. A sababbin wayoyi WhatsApp na ajiye kayansa a Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media, kuma wannan a buɗe take. Ka leƙa WhatsApp Video, musamman ƙaramar foldar Sent da ke cikinta. Bidiyon wa'azi da na biki da ka tura wa rukunin dangi suna nan kwance.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Hotoro. Kwamfutar ofis cike take da kwafin takardu iri ɗaya. Ƙanena ya rubuta min furogiram da zai bi duk foldoji ya goge duk fayil da sunansa ya maimaitu. In kunna shi?

AMSA: Hajiya, kada ki kunna. Suna ba hujja ba ne. Sakamako.xlsx na aji ɗaya da sakamako.xlsx na aji shida sunansu ɗaya, abin da ke cikinsu daban. Kuma abin da Python ta goge da os.remove ba ya zuwa kwandon shara na Windows balle ki je ki ɗauko. Saurin da ya sa zagayen nan ke da daɗi shi ne ke sa ɓarnarsa ta yi yawa: kafin ki kai hannu ki tsayar da shi ya riga ya ratsa foldoji masu yawa.

Ki ce wa ƙanen naki ya sake shi kamar haka. Zagayen farko ya tattara girman kowane fayil, domin fayiloli biyu da girmansu ya bambanta ko da bayit ɗaya ba kwafin juna ba ne, kuma wannan kaɗai zai zubar da mafi yawansu daga zargi. Waɗanda girmansu ya zo ɗaya kaɗai zai karanta cikinsu ya fitar da tambarin SHA-256, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ta hanyar hashlib na Python. In tambarin ya zo ɗaya, to abin da ke ciki ɗaya ne, ko da sunayen sun bambanta. Daga nan ma kada ya goge. Ya rubuta jerin a fayil, ki zauna ki karanta da idonki, domin wani lokaci da gangan aka ajiye kwafi biyu, ɗaya a foldar shugaban makaranta ɗaya a ta akanta. Waɗanda kika amince a cire, ya matsar da su wata folda a wajen inda ake zagayen, su zauna har ƙarshen zangon karatu. Ba wanda ya zo nema, sai a goge.

Ya kuma kiyaye kada ya riƙa matsar da fayiloli yana tsakiyar zagaye. Ya gama jeri tukuna, sannan ya yi aiki da jerin. Foldojin da ba a so a taɓa, kamar ta albashi, zai iya cire su tun daga hanya: a cikin os.walk ya rubuta foldoji[:] = [d for d in foldoji if d != "Albashi"], ba za a ko leƙa ta ba. Alamar [:] ɗin dole ce, in babu ita sabon jeri kawai ya ƙirƙira, os.walk kuma za ta ci gaba da tsohon ta shige Albashi.

Bayan an kwashe kwafin za a bar foldoji da yawa wayam. Wajen share su ya sa topdown=False, domin a fara daga can ƙasa a hauro, a cire ƙaramar folda kafin a zo kan uwarta. Kuma ya yi amfani da os.rmdir, ba shutil.rmtree ba. Ita rmdir in ta ga ko fayil ɗaya a cikin folda ƙin gogewa take yi, rmtree kuwa da folda da abin da ke cikinta take tafiya. Kafin duk wannan, ki kwafe foldar ofis ɗin gaba ɗaya zuwa wani faifai na waje, ki cire shi daga kwamfutar ki sa a durowa.