Amsa kan ramin bakin layi

Assalamu alaikum jama'a. Sakatare, na ji saƙonka, kana tambayar buhun siminti nawa za a saya a cike ramin bakin layi. To ni dai ba lissafin buhu zan fara ba. Ku je ku leƙa lambatun da ke gefen ramin nan tukuna. Ya cika da leda da yashi, ruwa kwana yake a kan titi. Ta tsaga yake bi ya shiga, ya jiƙa burjin da ke ƙarƙashi, mota ta taka, wurin ya lotsa. Ramin nan daga ƙasa ya faro.

Kuma siminti a tsakiyar kwalta ba ya zama lafiya. Kwalta tana ɗan bayarwa in nauyi ya hau ta, kankare kuwa ƙyam yake. Sai bakin haɗin ya buɗe, ruwa ya samu sabuwar ƙofa. Faci na gaskiya, yanka wurin ake yi kusurwa huɗu har a tarar da inda ke da ƙwari, a kwashe ruɓaɓɓen, a share, a bari ya bushe, a shafa ruwan kwalta, sannan a zuba kwalta mai zafi a danne da rola. Dannewar nan ita ce aikin.

Na san wani zai ce ai Dangote ya yi titin kankare daga Obajana zuwa Kabba a jihar Kogi. Ƙwarai, kilomita 43. Amma wancan tun daga ƙasa aka shirya masa, ba rami aka tarar aka ɗura ba.

Bara waccan fa haka muka yi, kun manta? Muka tara kuɗi, har da na matan layi, aka zuba kankare. Na ce a tare hanya, a riƙa ba shi ruwa kwana 7, don sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kwana uku... a'a, wallahi kwana biyu, aka janye duwatsun da na jera, wai tifa za ta kai wa wani yashi. Ni kaɗai nake fitowa da bokiti bayan Asuba! Facin nan ko damina ɗaya bai gani ba. Har yau abin yana min ciwo. Sannan masu gyaran janareta da ke zubar da baƙin mai a wurin, shi ma cin kwalta yake, amma bari dai in bar wannan.

Wanda ya ce a rubuta wa hukumar FERMA, su hanyoyin tarayya suke gyarawa. Namu layin na jiha ne, KARMA, hukumar gyaran hanyoyi ta jihar Kano, za a kai wa takarda. Kafin nan, ranar Asabar kowa ya fito da shebur mu yashe lambatu, mu zuba burji da tsakuwa mu daddaɓe. Sakatare, don Allah kada a taɓa kuɗin nan sai mun zauna.