Amsa: Yadda BBC ke auna hayaƙin shirye-shiryenta

Malam, ka tambaya ko alkawarin kare muhalli da manyan kafafen yaɗa labarai ke yi talla ce kawai. Ba duka ba ne. A Birtaniya akwai albert, tsarin lissafin hayaƙin kabon da ake fitarwa wajen haɗa shirye-shiryen talabijin da fina-finai, wanda ya samo asali daga BBC, kuma BAFTA, ƙungiyar fina-finai da talabijin ta Birtaniya, ke riƙe da shi tun 2011.

Kafin a kunna kyamara, furodusa zai shigar da ƙiyasi: tikitin jirgi nawa, kwana nawa a otal, litar dizal nawa janareta zai sha, wutar sutudiyo, har katakon da za a gina dandali da shi. Bayan an gama a shigar da ainihin abin da aka kashe, da rasitai. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka janareta mai shan lita 100 a yini ya kai kilo 270.

Inda ake samun matsala shi ne rasit. Wasu direbobi da 'yan kwangila ba sa ajiyewa, sai a cike gurbi da kintace. Idan kana karanta rahoton kamfani, duba ko ya haɗa hayaƙin kamfanonin da ke yi masa shirye-shirye. Kaso mafi tsoka yana can.