Fayil ɗin .gme da ya ƙi buɗuwa

Yaron shago ya tambayi maigidansa a Computer Village, Ikeja: "Maigida, wani daga Agege ya kawo fulash mai tsohuwar ajiyar gem ɗin PlayStation na farko, yana so a sa masa a waya. Fayil ɗin .gme ne. Na sauya masa suna zuwa .mcr, sai manhajar da ke kunna gem ɗin a waya ta ce a yi wa katin ajiyar fomat. In danna?"

Maigidan ya ce: Kada ka danna, ɗana. Fara kwafe fayil ɗin wuri biyu, ka yi aiki a kan kwafin, asalin kuwa kada hannunka ya taɓa shi.

Sauya suna ba ya sauya ciki. Duba girman fayil tukuna. Katin ajiyar PS1 (PlayStation na farko) kilobayit 128 ne, wato bayit 131,072 cif-cif. An raba shi gida 16, kowanne kilobayit 8. Gidan farko rajista ce, shi ya sa kake ganin gurbi 15 kawai a allo. Fayil ɗin .mcr ko .mcd kwafin katin ne tsagwaronsa, kuma in ka buɗe shi da HxD, manhajar da ke nuna bayit-bayit na cikin fayil, za ka ga haruffa biyu a farko: MC.

Shi .gme na DexDrive ne, wata 'yar na'ura ta ƙarshen shekarun 1990 da ake kwafe kati zuwa kwamfuta da ita. Tana ɗora wa fayil hula ta bayit 3,904 a ka, inda take rubuta bayananta, girmansa ya koma 134,976. Farkonsa 123-456-STD ne. Manhajar ta leƙa inda ta saba ganin MC, ba ta gani ba, sai ta ɗauka sabon kati ne. Ajiyar mutumin tana nan daram a ƙarƙashin hular.

Buɗe shi da MemcardRex, manhajar sarrafa katin ajiyar PS1, ka sake adana shi a matsayin .mcr. In babu ita, yanke bayit 3,904 na farko da hannu, ka tabbata saura 131,072 kuma MC ce a gaba. Ko bayit ɗaya ya yi sama ko ƙasa, komai ya goce daga mazauninsa.

To, ga inda masu gyara da yawa ke faɗuwa. Kati ya buɗe, gem ɗin ya ce babu ajiya. Karanta sunan ajiyar a rajista. BESLES na faifan Turai ne, BASLUS na Amurka, BISLPS na Japan, sai lambar gem ta biyo baya. A Legas kuwa kayan tokumbo sun cakuɗe, mutum ya yi wasa da na Turai shekaru, yau a wayarsa na Amurka ne. Gem yana neman lambarsa ne kaɗai. Ka nemo masa irin faifan da ya dace; sauya lambar wani lokaci yana ci, wani lokaci ajiyar ta lalace, domin tsarin cikinta ba lallai ya zo ɗaya ba. Ni ba na ba da shawarar hakan sai an rasa mafita. In kuwa ka taɓa rajista da hannu, bayit na ƙarshe a kowane layi mai bayit 128 na tantancewa ne, dole a sake lissafa shi, MemcardRex na yi da kanta.

Ka kuma duba ko akwai abin da aka goge. PS1 ba ya share ajiya, alamar gurbin kawai yake mayarwa daga 51 zuwa A1. Muddin ba a rubuta wani abu a kai ba, ana dawo da ita, kuma sau da yawa ita ce mai kayan ke kuka a kanta.

Na PS2 daban ne, .psu, .max da .cbs, waɗannan manhajar mymc ake ba su. Kuma in za ka mayar da ajiya kan kati na gaske, jona kwamfutar a inbata, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta rajista.