Yaya ake nuna fushi a fim ba tare da ihu ba?

Ɗan'uwa daga Garwa, ka ce kana rubuta labarin fim, amma duk lokacin da jarumin naka ya fusata sai ya ɓige da ihu da doguwar magana, har kai kanka ka gaji da shi. Shawarata ita ce ka rage masa baki, ka ba hannunsa aiki.

Ka nemi Daratt, fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche a Chadi, wanda ya samu kyautar alƙalai ta musamman a bikin fina-finai na Venis a 2006. A fim ɗin, kakan wani yaro mai suna Atim ya ba shi bindiga, ya tura shi Injamena ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe mahaifin yaron a lokacin yaƙin basasa. Sai ya tarar da shi mai gidan burodi ne, har ya ɗauke shi aiki. Yaron da wuya ya ce uffan. Kalli yadda yake murza kwaɓin fulawa, kai ka san ba burodi ne a ransa ba. Shi kuma Nassara maƙogwaronsa ya samu rauni, sai ya kara wata 'yar na'ura a wuya kafin murya ta fito, don haka kowace kalma da tsada take fita. Wannan wurin ya taɓa ni ƙwarai.

To, kai ma tambayi kanka: me jarumin naka yake so, me ya hana shi faɗa? Idan surukinsa ne ya ɓata masa rai, kunya ba za ta bari ya ɗaga murya ba. Bari ya gaishe shi da ladabi, ya zuba masa shayi, shi kuwa nasa kofin ya huce bai taɓa ba.