Hawan Chappal Waddi da kayan hoto

Malam, matsalarka ita ce kai kyamara da filasha ƙololuwar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mai tsayin mita 2,419, ba tare da bayanka ya ƙage ba. Rage kayan tukuna: kyamara ɗaya da ƙaramar filasha sun wadatar. Nemi jakar goyo mai ɗamara, nauyin ya sauka a ƙugu. Sanyin can na cinye batir, don haka sa na ajiya a aljihun ciki.

Lemar filasha kuwa, wato lemar da ke tausasa haskenta, wallahi bar ta a gida. Iska za ta kifar da ita har da filashar. Gara abokin tafiya ya riƙe maka filashar a hannu. Kada ka rataya kyamara a wuya, za ta yi ta dukan duwatsu.

Jagora da izinin ɗaukar hoto, tuntuɓi hukumar gandun dajin Gashaka-Gumti, inda dutsen yake.