Tambaya da amsa: Intanet ta ɗauke a kwamfutar tebur, ta ina za a fara?

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a unguwar Wadata, Yamai: Salamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur ce mai Windows 10, da kabul take haɗe da akwatin wifi. Shekaranjiya kuran ya ɗauke, da ya dawo sai intanet ta ƙi. Can ƙasa kusa da agogo alamar duniya ce ta fito. Wayoyinmu kuwa suna shiga lafiya lau. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata formataj. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda a goge kwamfutar tukuna. Takardun mutane ne a cikinta, kuma idan ramin kabul ne ya ƙone, ko sau goma aka sake zuba Windows intanet ba za ta dawo ba. Abin yi shi ne a bi hanyar daga akwatin wifi zuwa kwamfuta, a gano inda ta yanke.

Fara da wayar da ka ce tana shiga. Kashe mata intanet ɗin layi, ka bar wifi kaɗai, sannan ka buɗe wani shafi. Waya takan koma kan forfe ɗin layinta shiru idan wifi ba ya aiki, mai ita bai sani ba. In shafin ya buɗe, to akwatin lafiya yake kuma kuɗinka bai ƙare ba. In bai buɗe ba, laifin ba na kwamfuta ba ne: duba ragowar forfe, ka duba fitilar rezo a jikin akwatin.

Daga nan ka zare akwatin daga wuta, ka ƙirga daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba shi minti biyu ya gama tashi. Ita kuma kwamfutar ka zaɓi "Redémarrer", ba "Arrêter" ba, domin kashewa ta yau da kullum a Windows 10 takan ajiye wani ɓangare na yanayin da take ciki, ta taso da shi har da matsalar.

Yanzu leƙa bayan kwamfutar, inda kabul ya shiga. Yawanci akwai ƙananan fitilu biyu a bakin ramin, ɗaya a kunne, ɗaya tana ƙyaftawa. In duhu ne, zare kabul ɗin ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Ɗan harshen robar da ke riƙe kansa yana saurin karyewa, kuma da ya karye kan yakan zame kaɗan ba tare da ido ya gani ba. A jikin akwatin ka canza rami, amma cikin waɗanda aka rubuta wa LAN, ba WAN ba. Bi kabul ɗin da hannu tun daga farko har ƙarshe: siraran wayoyi takwas ne a cikinsa, kuma ƙofar ƙarfe da ta matse shi ko haƙorin ɓera ya isa ya tsinka ɗaya. Aro wani kabul ɗin daga maƙwabci ka gwada kafin ka sayi sabo.

In fitilu suna ci amma intanet babu, sai a tambayi kwamfutar da kanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, danna Entrée. A baƙin allon da ya fito rubuta ipconfig. Layi biyu za ka nema, "Adresse IPv4" da "Passerelle par défaut".

Idan adireshin ya fara da 192.168, akwatin ya ba kwamfutar lambarta. Idan ya fara da 169.254, bai ba ta ba, ita ce ta ƙirƙiri lamba ta laƙaba wa kanta, kuma wannan lamba ba ta kai kowa ko'ina. Nan na fi zargi a sha'aninka, saboda idan kuran ya dawo kwamfuta kan riga akwatin tashi, ta nemi lamba ba ta samu mai amsa mata ba. Rubuta ipconfig /release, danna Entrée, sannan ipconfig /renew. Idan kuma ka ga "Média déconnecté", koma ga kabul da rami, domin kwamfutar ba ta ma san an soka mata komai ba.

Da adireshi mai kyau a hannu, gwaji uku ne suka rage. Rubuta ping ka bar fili ka sa lambar "Passerelle", wato lambar akwatin, galibi 192.168.1.1 ce ko 192.168.8.1. A maɓallan Faransanci sai ka riƙe Maj kafin lambobin layin sama da ɗigo su fito, ka kula da wannan. "Réponse de" mai "TTL=" a ƙarshen layin na nufin an amsa. Sai ping 8.8.8.8, wanda ke nuna ko akwatin yana fita waje. Na ƙarshe ping google.com. Idan lambar ta amsa amma sunan ya ƙi, matsalar DNS ce, wato sashen da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Rubuta ipconfig /flushdns. In bai wadatar ba, Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, shiga "Propriétés", zaɓi "Protocole Internet version 4", ka sa 8.8.8.8 a gidan farko na DNS, 8.8.4.4 a na biyu.

Sai duk wannan ya gaza za ka shiga "Paramètres", "Réseau et Internet", ka danna "Réinitialisation du réseau". Wannan ba ya taɓa takardunka. Ka kuma danna Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka duba ƙarƙashin "Cartes réseau". In katin intanet na kwamfutar ya ɓace daga jerin, ko fitilun baya sun ƙi ci da kabul biyu daban, da alama ƙarfin wutar da ta dawo ya ƙona shi. Ba sai an canza babban allon kwamfutar ba: akwai ɗan abin da ake sokawa a USB mai ramin kabul a ɗaya gefen, akwai kuma ɗan makullin wifi na USB, kowanne zai wadatar. Shago irin naka ya kamata a ce kwamfuta da akwatin duka suna kan onduleur, wato na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, kuma da damina in hadari ya taso a zare kabul ɗin, domin tsawa tana bi ta cikinsa.

Tambaya daga wata sakatariya a Tawa: Malam, tawa tana nuna akwai intanet, amma kowane shafi sai ya ce "Votre connexion n'est pas privée".

Amsa: Malama, dubi kwanan wata a ƙasan allon. Ina kyautata zaton ya koma shekarun baya. Shafuka suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma in agogon kwamfuta ya kauce sai ta ɗauka takardar ba ta da inganci, ta ƙi buɗewa. Ki gyara rana da lokaci, shafukan za su dawo nan take. In kuma duk lokacin da aka zare wuta agogon ya sake ɓacewa, ɗan batirin da ke kan babban allon ciki ne ya mutu. Zagayayye ne kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa volt 3, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. A zare kwamfutar daga wuta kafin a buɗe, a tura ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, a sa sabon da alamar + tana kallon sama. In agogon daidai yake, ki duba "Proxy" a cikin "Réseau et Internet", ki kashe duk abin da ba ke ko ofishinku kuka sa ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Harobanda: An sake zuba min Windows, yanzu ba ta ganin katin intanet. Yaya zan sauko da manhajar katin alhali babu intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka ta Android za ta fitar da kai. Haɗa ta da kwamfutar da igiyar USB mai ɗaukar bayanai, domin wasu igiyoyin caji kaɗai suke yi. A saitin wayar kunna "Partage de connexion via USB". Kwamfutar za ta samu intanet ta nan. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, ka nemi manhajar katin da lambar samfurin da ke jikin kwamfutar. Kafin ka fara, ka dakatar da sabuntawar Windows Update na ɗan lokaci, in ba haka ba za ta cinye maka forfe kafin ka sauko da abin da kake nema.